Shekarar da aka rufe ƙofofi: Damagaram da kullen korona



Iyayenmu ba su cika ƙirga shekara da lamba ba, suna suke raɗa mata. In ka tambayi tsohuwa shekarunta, sai ta ce maka bayan Kakalaba aka haifi babanta, ita kuma ɗanta na uku take goyo lokacin El-Buhari. Da haka suke riƙe tarihi, kuma ba ya ɓace musu. To mu ma yanzu muna da shekararmu, shekarar korona. Yaran da aka haifa a bazarar 2020 ga su nan sun isa shiga lakwal, ba su san an taɓa yin Juma'a a garin nan da masallaci a kulle ba. Wata rana za su tambaye mu, kuma ya kamata mu san abin da za mu ce musu.

In muka zauna muka tuna da kyau, abin da mafi yawanmu muka ji a jiki a waccan shekara rufe hanya ne da rufe wurin taruwa. Ciwon kansa ya shiga wasu gidaje, ya ɗauki rayuka, Allah ya jiƙansu. Kullen kuwa babu gidan da bai shiga ba. Kuma duk wanda ya san tarihin garin nan ya san dalilin da ya sa rufe hanya ke yi wa Damagaram zafi fiye da wasu garuruwa.

Yadda aka rufe

Ranar Talata 17 ga Maris 2020 shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya yi wa 'yan ƙasa jawabi. A ranar ba a ma samu mutum ko ɗaya mai cutar a Nijar ba tukuna. Ya sanar da rufe filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram ga jiragen ƙasashen waje, da rufe iyakokin ƙasa, da rufe makarantu tun daga na yara ƙanana har jami'a, da hana taron da ya wuce mutum 50. Kwana biyu bayan haka, ranar Alhamis 19 ga wata, aka tabbatar da mutum na farko a Yamai, wani ma'aikacin kamfanin sufuri da ya biyo ta Lome, Akra, Abijan da Wagadugu. Cikin kwanakin nan ne kuma aka dakatar da sallar jam'i da ta Juma'a, coci-coci su ma aka rufe.

Ranar 27 ga Maris aka kafa dokar ta-ɓaci ta lafiya. Aka sa wa Yamai dokar hana fitar dare daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, sannan aka killace ta, ba shiga ba fita. Gwamnati ta yi wa fursunoni 1,540 afuwa don a rage cunkoso a gidajen kaso, ta kuma ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin wuta da na ruwa na watan Afrilu da Mayu.

Kun ga ke nan namu kullen bai zo iri ɗaya da na Kano ba, inda daga 16 ga Afrilu aka ce kowa ya zauna cikin gidansa. Mu muna fita, Kasuwar Dole ba ta daina ci ba, mai kabu-kabu na zagayensa. Sai dai an toshe mana hanyar kudu, an toshe ta yamma, an rufe masallaci da makaranta. Garin yana motsi, amma kamar tukunyar da aka janye wa itace.

Gari ne na hanya

Masana tarihi, cikinsu har da ɗan garin nan marigayi André Salifou, sun kai asalin sarautar Damagaram ga Malam Yunus, wajen shekarun 1730. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ɗan Tintuma ya dawo da gadon sarauta Zinder. Ɗansa Tanimun, wanda ya yi mulki har 1884, shi ya ɗaukaka masarautar, ya kewaye Birni da ganuwa a shekarun 1850, ya sa maƙera suka ƙera masa igwa a nan cikin gari. Ragowar ganuwar na nan har yau ga mai son gani.

Amma me ya ciyar da wannan ƙarfi? Ƙasarmu ba ta da kogi, duwatsu ne da rairayi da damina gajeruwa. Arzikin Damagaram shi ne inda Allah ya ajiye ta, a mahaɗar hanyoyi. Ayarin Abzinawa na saukowa daga Agadas da gishirin Bilma, fatake na zuwa daga Gadamus da Tarabulus da tufafi da takarda da bindigogi, wasu na wucewa Kukawa ta Barno, wasu Kano da Katsina. Daga nan kuma ana fitar da fatu da gashin jimina da hatsi, har da bayi, don wannan ma yana cikin tarihinmu. Baturen nan Heinrich Barth, da aka sani da Abdulkarim, a nan ya yada zango a ƙarshen 1852 yana jiran saƙon kuɗi daga arewa kafin ya kama hanyar Katsina da Sakkwato.

Ku dubi yadda garin kansa ya kasu. Birni na cikin ganuwa, nan fada take da malamai da sarakai. Zango na waje, nan baƙi ke sauke kaya. Kakanninmu sun san rufe ƙofa sarai, da dare ana rufewa, in an ji ƙishin-ƙishin yaƙi ana rufewa. Amma da gari ya waye sai a buɗe, domin Birni ba ta iya kwana uku ba tare da Zango ba. Kuma duk sarkin da ya ce a rufe ƙofa, ya san sai da ruwa da hatsi a bayan ganuwa, in ba haka ba mutanen ciki da kansu za su ɓalle ta.

Da Nasara suka zo, bayan kashe Kyaftin Cazemajou a 1898 da yaƙin Tirmini a 1899, sai suka shata iyaka tsakaninmu da Daura da Kano. Shekaru suka yi suna ja-in-ja da Ingilishi a kan layin nan, saboda Faransawa na neman hanya mai rijiyoyi daga bakin kogin Kwara zuwa Zinder. Garin nan ya zama babban birnin yankin a 1911, aka ɗauke shi zuwa Yamai a 1926, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar. A tsakanin nan jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin hamada ya durƙushe, fuskar Damagaram ta juya kudu gaba ɗaya. Gyaɗarmu ta Kano take fita, dabbobinmu can, 'yan ci-raninmu can, almajiranmu can. Yau ma Kano kilomita wajen 240 ce daga nan, Yamai kuwa ta kusa 900. Layin da aka shata bai sauya wannan lissafi ba.

Shekarun da suka samu suna

Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, ita ce tsofaffi ke sawa a gaba in ana maganar wahala. Damina ta ƙi, rumbuna suka ƙare, ga harajin Nasara. Waɗanda suka tsira da yawansu ƙafarsu ce ta cece su, suka bi hanya suka yi kudu. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga yaƙin Kawusan a Abzin, 1916 zuwa 1917, wanda ya cinye raƙuma ya ƙarasa karya ayarin arewa. Sai kuma murar nan ta 1918, wadda ƙasar Hausa ta raɗa wa marisuwa. A jirgin ruwa ta sauka Ikko a watan Satumba, ta hau jirgin ƙasa zuwa Kano, daga nan ta bi sawun fatake da sojoji. An ƙiyasta ta kashe mutum miliyan 20 zuwa 50 a duniya. Hanyar da ta ceci mutane a Kakalaba, ita ce ta kawo annoba bayan shekara huɗu. Ashe damuwar da ta sa aka rufe iyaka a 2020 tana da tushe, ba a banza aka yi ta ba.

Sai El-Buhari, wato 'yar Buhari, wadda da yawa cikin masu sauraronmu sun gani da idonsu. Fari ne aka yi a 1984, irin wanda aka sha yi. To me ya sa aka raɗa wa yunwar sunan shugaban wata ƙasa? Saboda a watan Afrilu na shekarar Janar Muhammadu Buhari ya rufe iyakokin Najeriya lokacin canjin kuɗi, a 1985 kuma aka kori baƙi da dama, ba a buɗe iyakar ba sai 1986 zamanin Babangida. Talakan Magariya da Matamai da Tanut ya saba in gona ta ƙi sai ya tafi kudu ya yi ga-ruwa ko dako ya aiko da hatsi. A wannan karon ya tarar da ƙofa a rufe. Rashin ruwan sama daga Allah ne, an karɓa. Rufe hanya kuwa mutum ne ya yi, shi ya sa aka riƙe sunansa.

Abin mamaki, korona ta same mu iyakar na rufe tun tuni. Tun watan Agusta 2019 Najeriya, a ƙarƙashin Buhari ɗin dai, ta rufe iyakokinta na ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa. Wata bakwai muka yi muna fama da wannan kafin tamu gwamnatin ta ƙara nata kwaɗon daga ciki. Ƙofa ɗaya, kwaɗo biyu.

Zaman yau da gobe

Ku tuna yadda kwanakin suka kasance. Mai wake da riɗi da ke jiran ɗan kasuwar Kano ya zo ya kwasa, ya zauna da kayansa. Mai rago da saniya da ya saba kora su kasuwar Maigatari ranar Alhamis, sai ya bi daji da tsoro ko ya sayar a gida da araha. Direbobin manyan motocin fasinja na hanyar Yamai suka jingine, tare da su masu tuwo-tuwo da masu shayi da 'yan dakon tasha, don duk daga fasinja suke ci. Ɗan ci-ranin da ya tafi bayan girbi da niyyar dawowa kafin shuka ya maƙale a can, aikin ya tsaya, ba abin aikowa. A gida kuwa uwar 'ya'ya ce ke lissafin tiya nawa ta rage, tana rage hannu a tukunya ba tare da ta gaya wa kowa ba. Yawancin mutanen garin nan sai sun fita da safe ake ɗora tukunyar dare. Wanda ke da albashi ya ji kullen a matsayin takura. Wanda ba shi da shi, yunwa ya ji.

Sai maganar wanke hannu. Rediyo na faɗa safe da yamma, a wanke hannu da sabulu, a yawaita. Magana ce ta gaskiya, likitoci sun yi daidai. Amma a watan Afrilu ake faɗinta, a Damagaram, garin da tun zamanin Nasara yake neman ruwa daga Gogo da Machaya, daga baya Arunguza da Ganaram, kuma har yanzu unguwanni na kwana da kwanaki pampo bai ɗiga ba. Matar da ta sayi jarka biyu wurin mai ga-ruwa, ta sha, ta girki, ta alwala, da wanne za ta wanke hannun yara bakwai sau goma a yini? Rangwamen kuɗin ruwan da aka yi ya taimaki mai pampo a gida. Mai saye a jarka bai gan shi ba.

Makarantu sun yi sama da wata biyu a rufe. A wasu ƙasashe an ce yara su yi karatu ta intanet. A nan gida nawa ne ke da waya mai kyau da kuɗin sayen megas da wutar caji? Yara maza suka watsu a titi da tasha, mata suka koma talla da aikin gida. A lokaci guda gwamnonin arewacin Najeriya suka yanke shawarar mayar da almajirai garuruwansu, namu yaran ma suka riƙa dawowa ta Magariya da Matamai, wasu ƙauyuka suka wayi gari da bakuna masu yawa a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Akwai kuma ƙananan abubuwan da ba a rubutawa a rahoto. Yadda za ka miƙa wa dattijo hannu ka tuna, ka janye, shi kuma ya dube ka kamar ka zage shi. Yadda aka yi suna da mutum ƙalilan, mai jego na jin kamar ba a yi murna da ɗanta ba. Yadda wasu iyaye a ɓoye suka ji daɗin taƙaita biki, don an aurar da yarinya ba tare da an ci bashi ba. Teloli suka samu sabuwar sana'a ta ɗinka takunkumi da ragowar atamfa. Samarin fada kuwa, su kam shayinsu bai tsaya ba, kofi ɗaya na zagaya mutum takwas, ana ta gardamar ko cutar ma akwai ta.

Masallaci

Duk abin da muka lissafa, ba wanda ya taɓa zuciyar mutane kamar rufe masallaci. A ƙarshen Maris, a Mirya, nan kusa da mu, matasa suka fito da duwatsu da sanduna, aka ƙona gine-gine da motoci. Nan aka fara a duk faɗin ƙasar, kafin Illela ta jihar Tawa, kafin unguwannin Yamai a tsakiyar Afrilu, inda aka kama mutum sama da 100. Ƙone-ƙone bai amfani kowa ba, dukiyar jama'ar garin ce ta tafi. Amma yana da kyau mu fahimci abin da ya harzuƙa mutane. Tambayar da ke bakin kowa ita ce, don me kasuwa na ci masallaci na kulle? Hukuma na da amsarta, cewa in aka rufe kasuwa mutane za su mutu da yunwa, salla kuwa ana iya yin ta a gida. Sai dai amsar ba ta iso unguwa ta bakin wanda unguwa ta yarda da shi ba. Daga Yamai ta zo, da Faransanci, ta bi ta hannun jami'an tsaro.

Alhali addinin kansa ya riga kowa magana a kan annoba. Malamanmu sun san koyarwar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa ba a shiga ƙasar da annoba ta sauka, wanda ke ciki kuma ba ya fita. Sun san yadda Halifa Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can, bayan ya yi shawara da sahabbai. A shekarar ma Saudiyya ta hana mahajjatan waje zuwa, maniyyatanmu da suka tara kuɗi shekara da shekaru suka haƙura. Inda limamin unguwa ya zauna ya yi wa mutanensa wannan bayani da Hausa, an fi samun natsuwa.

Haka azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, cikin tsananin zafi. Tafsiri ya koma rediyo da waya. Magidanta da yawa a karon farko suka ja wa matansu da 'ya'yansu asham a tsakar gida, wasu sai a lokacin suka gane yawan surorin da suka kwance musu. Mabukatan da suka saba samun kunu da ƙosai a ƙofar masallaci da magariba, sai maƙwabta suka riƙa aika musu har gida. Wannan kam ba doka ce ta sa ba, halin garin ne.

Me ya sa aka yi shakka

Masu cewa mutanenmu jahilci ne ya hana su yarda, ba su yi mana adalci ba. Mutumin Damagaram ya san annoba. Ya san sanƙarau da ke zuwa da iskar bazara, wanda a 1995 ya kama dubun-dubatar mutane a Nijar. Ya san ƙyanda da amai da gudawa. Ya san zazzaɓin cizon sauro da tamowa, waɗanda a daminar 2018 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce suna kashe yara kusan 10 kowace rana a asibitin Magariya. Ba a rufe filin jirgi ba saboda waɗannan yara, ba a yi jawabin dare ba. Da aka zo aka tsayar da ƙasa saboda ciwon da ya fara da masu hawa jirgi, dole talaka ya yi tambaya. Ga kuma labarin Kano na 1996, inda kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara 200 lokacin sanƙarau, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Irin wannan labari ba ya tsayawa a Kwangwalam a duba masa takarda. Ya shigo, ya zauna, kuma shi ne ƙasar da jita-jitar WhatsApp ta tsira a kai.

Amma ciwon gaskiya ne. A watan Afrilu maƙabartun Kano suka cika da dattawa, malamai da 'yan kasuwa da muka sani, daga baya ministan lafiyar Najeriya ya ce cikin mutum kusan 1,000 da suka rasu a 'yan makonnin, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona. Ranar 3 ga Mayu ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar, ɗan Tesker a jiharmu, ya rasu, aka kuma tabbatar cutar ce. A watan ne jihar Damagaram ta zama ta biyu bayan Yamai a yawan masu ɗauke da ita. Ma'aikatan asibiti, 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, suka yi aiki cikin rigar leda a zafin Mayu, wasu na komawa gida suna tsoron rungumar 'ya'yansu.

A nan ma tarihi na da abin cewa. Keɓe mara lafiya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tsofaffi na ba da labarin yadda ake yi wa mai agana bukka a bayan gari, wanda ya taɓa yi ya warke shi ke kai masa abinci. Da haka, da kuma allurar da ta bar wa iyayenmu tabo a damtse, aka kawar da agana daga duniya, aka sanar a 1980. Amma muna da wani misalin a cikin garin nan, Kara-Kara, unguwar da aka ware wa masu ciwon kuturta tun shekaru da dama. Ciwon ya samu magani tuntuni, ƙyamar ba ta tafi ba, ta bi 'ya'ya da jikoki, kamar yadda fim ɗin Aïcha Macky mai suna Zinder ya nuna wa duniya a 2021. Wanda ya girma yana ganin haka, in aka ce za a zo da mota a ɗauke shi a keɓe, maƙwabta na kallo, me kuke zato zai yi? Zai ɓoye tarinsa ne. Da yawa sun ƙi zuwa asibiti a lokacin, har masu ciwon da ba ruwansa da korona, mata masu ciki da masu hawan jini, don gudun a ce gidan wane an samu.

Da aka buɗe

Ranar Laraba 13 ga Mayu aka buɗe masallatai da coci-coci, daidai shigowar goman ƙarshe na azumi. Wanda ya ga fuskokin tsofaffi a sahun asubar farko ba zai manta ba. Bayan kwana biyu aka buɗe hanyar Yamai. Makarantu suka koma 1 ga Yuni, aka ɗaga jarrabawa zuwa Agusta. Jiragen waje suka dawo 1 ga Agusta. Najeriya ta buɗe Maigatari a watan Disamba, namu iyakokin ƙasa kuwa sai Yuni 2021. Allurar rigakafi ta fara a ƙarshen Maris 2021. A lissafin hukuma, waɗanda aka tabbatar sun kamu a Nijar baki ɗaya ba su kai 10,000 ba, waɗanda suka rasu 300 da 'yan kai, ko da yake gwajin da aka yi kaɗan ne. Allah ya sauƙaƙa mana ƙwarai in aka kwatanta da Italiya ko Amurka. Asarar mai wake da mai tasha da yarinyar da ba ta koma aji ba kuwa, ba ta shiga wannan lissafi ba.

Ba a daɗe ba muka sake gani. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta yanke wuta, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Babu annoba a wannan karo, amma tsadar tiya da zaman 'yan tasha iri ɗaya ne da na 2020, iri ɗaya da na 1984. Cikin shekara 40 an rufe mana ƙofar kudu sau da dama, kowane karo da dalilinsa, kuma kowane karo mutum ɗaya ne ke biya.

Wata annobar za ta zo, ko a zamaninmu ko na 'ya'yanmu, kuma mai yiwuwa rufewar ta zama dole. Abin da muke roƙo ga duk wanda ke riƙe da makulli a ranar shi ne ya yi abin da masu ganuwa suka sani. Kafin a rufe, a duba hatsi. Rumbunan OPVN da hatsin rahusa su iso unguwa a makon farko, tankar ruwa ta biyo bayan sanarwar wanke hannu. A zauna da fada da limamai da masu unguwa da shugabannin mata da na 'yan kasuwa tun ana shawara, kada a kira su bayan an ƙona taya. Mu ma a namu ɓangaren akwai abin yi. Nasara sun taɓa tilasta wa kakanninmu rumbun tsimi bayan yunwar 1931, suka ƙi jininsa don da bulala ya zo. Amma dabarar ajiye wani abu saboda baƙar rana tamu ce tun kafin su zo, kuma asusun unguwa ko na masallaci ko adashin mata na iya riƙe gidaje goma na sati biyu.

Sannan mu riƙe labarin. Tsofaffin da suka ji Kakalaba daga bakin iyayensu suna ƙarewa, waɗanda suka ga El-Buhari sun fara furfura. Duk mai waya a hannu yana iya zama gaban kakarsa yau da dare ya ɗauki muryarta, ya tambaye ta yadda suka yi, me suka ci, wa ya taimake su. Ku tambaye ta kuma wane suna take kiran shekarar 2020, don mai yiwuwa ta riga ta raɗa mata. In kun ji, ku gaya mana.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya zaunar da Damagaram da Nijar lafiya.